Tashar CSMT ta Mumbai: inda mata ke da taragonsu

Duk mai kallon finafinan Indiya ta taɓa ganin wannan gini ko da ba ta san sunansa ba: katafaren gini na dutse mai ƙubba a tsakiya da hasumiyoyi a gefe, jama'a na kwarara daga ƙofofinsa kamar an tashi kasuwa. Wannan ita ce tashar jirgin ƙasa ta Chhatrapati Shivaji Maharaj, wadda mutanen Mumbai ke taƙaita sunanta da CSMT. Baƙo kyawun ginin yake zuwa kallo, amma ga matan birnin, hanyar neman abinci ce.

Daga wannan wuri, da ake kira Bori Bunder a da, jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi ranar 16 ga Afrilu, 1853, ya nufi garin Thane mai nisan kilomita 34. A 1878 Turawan Ingila suka fara ginin da ake gani yau, bisa zanen Frederick William Stevens, aka shafe shekara 10 ana aiki, aka sa masa sunan Sarauniya Victoria. A bakin ƙofa akwai mutum-mutumin zaki da na damisa, zakin na wakiltar Birtaniya, damisar Indiya. A 1996 aka sauya sunan zuwa na Shivaji, sarkin Maratha na ƙarni na 17, amma har yau dattawa da direbobin tasi VT suke cewa. Hukumar UNESCO ta saka ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Tashar ta ga baƙin ciki ma, domin a harin 26 ga Nuwamba, 2008, an kashe mutum 58 a cikinta.

Tashar na da dandamali 18. Bakwai na farko na jiragen cikin gari ne, sauran na masu tafiya mai nisa. Jiragen cikin gari na fara aiki tun kafin asuba har bayan tsakar dare, kuma tikiti mafi araha na farawa daga rufi 5. A allon sanarwa, harafin S na nufin jirgin da ke tsayawa a kowace tasha, F kuma mai tsallake ƙananan tashoshi. Wadda ta kai mara lafiya asibitin Tata Memorial da ke unguwar Parel, mai alamar S ne ya fi mata tabbas.

Abin da zai fi jan hankalin uwargida shi ne taragon mata. Kowane jirgi na da taragun da doka ta hana namiji shiga, sai yaron da bai kai shekara 12 ba, wanda zai iya bin mahaifiyarsa. Da dare ana sa 'yan sanda su yi gadinsu. Tun 1992 kuma akwai jirgi sukutum na mata zalla a lokacin zuwa aiki da tashi. Cikin taragon wata duniya ce: masu talla na zagayawa da 'yan kunne da ribon, ƙawayen da suka shekara suna hawa tare suna riƙe wa juna kujera, wata kuma ta shimfiɗa leda a cinya tana gyaran kayan miya, domin wadda ke zaune a Kalyan, kilomita 54 daga tashar, sai ta shafe fiye da awa guda kafin ta isa gida ta ɗora tukunya. Wannan taragon ne ya sa iyaye da mazaje da yawa ke barin 'ya'yansu da matansu zuwa makaranta da ofis da kwanciyar hankali.

Sai dai jirgin Mumbai ba abin wasa ba ne. Kimanin mutum miliyan 7 ke hawansa a kullum, kuma sama da mutum 2,000 na rasa rayukansu a shekara, galibi wajen tsallaka layin dogo ko faɗowa daga ƙofa, saboda yawancin jiragen a buɗe suke gudu. Masu na'urar sanyaya ɗaki ne ke rufe ƙofa da kansu, kuma ga mai yara, ƙarin kuɗinsu bai kai darajar rai ba.

Idan Allah Ya kai ki, ki guji safiya daga ƙarfe 8 zuwa 11 da yamma daga 5 zuwa 9. Ki hau daga CSMT ɗin kanta, inda jirgi ke fara tafiya, za ki fi samun wurin zama. A sauran tashoshi tsayawar ba ta kai minti ɗaya ba, don haka ki matso kusa da ƙofa tun da wuri, ƙaramin a goye, babban a hannu, kuma ki rubuta lambar wayarki ki sa a aljihun kowane yaro. Idan jirgi ya cika, ki bar shi ya wuce, wani na tafe nan da 'yan mintuna.