Wane Ne Gwarzo a Kan Tebur?

Matasanmu na zango sun daɗe suna gardama kan wane ne ya fi ƙarfi cikin mayaƙan Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ana kewaye tebur ne, kowa ya ɗauki jarumi guda, mai ba da labari ya shimfiɗa fage, sannan a jefa ƙwayoyi irin na lido su yanke hukuncin sara da suka.

Mun sa an karanta mana ƙa'idojin bugun 2014. Mayaƙin hasala ya fi kowa jure wuya, domin ƙwayar da ake auna lafiyarsa da ita mai fuska 12 ce, kuma idan ya fusata rabin raunin takobi da mashi kaɗai ke kama shi. Barde da mayaƙin alwashi tasu mai fuska 10 ce. Dukansu uku suna kai sara biyu a zagaye guda daga mataki na 5, amma barde kaɗai ke kai uku a na 11, huɗu a na 20. Shi kuwa na alwashi yana warkar da abokinsa da taɓawar hannu.

Wannan lissafi mutum ɗaya yake aunawa, alhali a ayari ake shiga fagen. Ko a rundunar sarakunanmu na dā, ɗan lifidi da nauyin kayansa yana buƙatar 'yan baka. Mu da ba mu da yawa a garin nan, gwarzonmu shi ne wanda ayarinsa ya koma gida ba a rasa kowa ba.