Tuƙin Kwalekwale A Tsakar Ɗaki

Tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ɓalle Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola aka mai da Jalingo hedkwata, garin ya cika da ma'aikata masu wuni a kujera. Da yawansu 'ya'yan manoma ne da masunta daga Lau da Ibi da sauran garuruwan bakin Binuwai, inda iyayensu suka tsufa da filafili a hannu. Su kuwa daga gida sai mota, daga mota sai ofis, har teɓa ta fito, hawan jini ya biyo baya.

Ɗaya daga cikinsu, wani magidanci mutumin Lau, likita ya auna shi sau da dama ya tarar jininsa yana haura 140 bisa 90, watau ya shiga sahun masu hawan jini. Aka ɗora shi a kan magani, aka ce ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Ƙaramin ma'aunin ke nan rabin awa sau biyar. Ya gwada sassarfa, gwiwa ta ƙi. Sai ya ƙudura sayen na'urar nan ta tuƙi, wadda mutum ke zama a kai yana jan sarƙa ko igiya, domin tana sa zuciya da huhu aiki ba tare da dukan gwiwa da ƙasa ba.

To, kuɗin da ya tara guminsa ne na watanni, ga kuɗin makarantar yara yana jira, saboda haka bai yi gaggawa ba. Ya bincika ya tarar iri huɗu ne. Akwai mai bututun mai, ita ce mafi araha kuma ba ta cin wuri, amma bututun yakan yi zafi in an jima ana ja, wani lokaci har ya yi yoyo. Akwai mai maganaɗisu, wadda ba ta da ƙara, sai dai wasu irinta sai an jona su da lantarki. Akwai mai tankin ruwa, irin wadda kamfanin WaterRower ya fito da ita a 1988. Tana da daɗin ja, amma in ba a sa magani a ruwan ba sai gansakuka ta kama shi. Ta huɗu ita ce mai fanka, irin ta kamfanin Concept2 na Amurka, wanda ya fara ƙera ta a 1981. Ita wannan, gwargwadon ƙarfin janka gwargwadon nauyin da za ka ji, agogonta kuma da batir yake aiki. Aibinta ƙara, da ƙurar hunturu da ke taruwa cikin fankar, da tsawonta da ya kusa mita biyu da rabi.

Abu uku ya auna. Na farko wutar lantarki, wadda ba a yi mata alkawari. Ya soke duk mai bukatar soket. Na biyu faɗin ɗaki; ya sa igiyar awo ya auna, uwargida ta yarda a janye kujera ɗaya. Na uku gyara, gama na'urar da ba mai iya kwance ta a gari, ranar da ta tsaya ta zama abin shanya. Daga ƙarshe ya ɗauki mai fanka ta gwanjo, bayan ya hau ya gwada, ya tabbata kujerar tana tafiya sumul, sarƙar ba tsatsa, madaurin ƙafa bai tsinke ba, ta kuma ɗauki nauyinsa.

Bugu da ƙari, ya tarar wannan tuƙi ya bambanta da na mahaifinsa. Matuƙin Binuwai kafaɗa da baya yake sa wa aiki. A kan na'ura kuwa ƙafafu ke ba da mafi yawan ƙarfi: a tura da ƙafa, a ɗan kwanta baya, sannan a jawo da hannu, a komo a hankali baya a miƙe. Wanda ya fara da hannu ya ranƙwafa, ciwon ƙugu zai saya da kuɗinsa. Da minti goma ya fara bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, yana ja kamar ashirin a minti ɗaya, daidai yadda zai iya magana bai shiɗe ba. Kowane mako ya ƙara kaɗan, maganinsa kuma bai daina sha ba.

Jama'a, lafiya uwar jiki ce. Mai ciwon ƙirji, ko jiri, ko ciwon baya, ya ga likita tukuna kafin ya hau irin wannan na'ura. Wanda ba shi da halin saye kada ya ci bashi dominta. Tafiyar ƙafa da sauri ta rabin awa ita ma tana cikin lissafin nan na minti 150, ba ta kuwa cin kwabo. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.