Gurbin Dara da Akwatin Wasa

A unguwarmu ta Yindiski, cikin garin Potiskum, akwai wata inuwar dalbejiya inda kakana da abokansa suke buga dara bayan La'asar. Gurabu talatin ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Da kallo kawai na gane cewa in ka jera uku, ka ci ɗan abokin karawarka. Dokar wasan a fili take, shi ya sa ko yaro kan iya tona gurabunsa a bayan gida.

Da na tasa, sai hankalina ya koma wani shago inda ake tada janareto, mu biya kuɗi mu buga ƙwallon ƙafa a kwamfuta. Wata rana na roƙi mai shagon ya sa ƙungiyar unguwarmu cikin wasan. Ya yi dariya, ya ce, "Ƙanena, ai abin a kulle yake, makullin kuwa yana ƙasar waje." Sai da na shiga jami'a na fahimci maganarsa. Kowane wasan kwamfuta yana da rubutun tushe, wato jerin umarnin da maginansa suka tsara wa na'ura. Yawancin kamfanoni kan sayar da wasan, su ɓoye rubutun.

Ban ga laifinsu ƙwarai ba, domin mai sana'a da guminsa yake ci, kuma ko maƙerin gargajiya ba ya bayyana wa kowa asirin ƙira. To, amma akwai abin lura a labarin wasan Doom, wanda kamfanin id Software na Amurka ya fitar a 1993. A 1997 John Carmack da abokan aikinsa suka saki rubutun tushensa ga duniya, suka riƙe hotuna da sautukan wasan suna sayarwa. 'Yan wasa suka yi ta gyara shi, suna sa shi aiki a sababbin na'urori, har yau bai mutu ba. Da ma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ra'ayina shi ne a bar magini ya ci moriyar aikinsa na wasu shekaru, in kasuwar wasan ta lafa, ya miƙa rubutun ga waɗanda suka saya. Ɗalibinmu mai koyon ilmin kwamfuta zai duba ya ga yadda aka yi ginin, kamar yadda na koyi dara da kallo, wataƙila har ya gina wasan langa ko na dambe da harshen Hausa.

Kakana ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shagon nan ma an rufe shi, faya-fayan wasan sun ƙi aiki a na'urorin yanzu, kuma babu mai iya gyara su. Amma da na je hutu bana, na tarar da yara a gindin dalbejiyar nan, sun tona gurabu talatin suna gardama.