Baba Ya Bar Mana Katako, Ya Tafi Da Teku

Ranar da aka yi sadakar bakwai ta mahaifinmu, bayan masu gaisuwa sun watse, sai muka taru mu 'ya'yansa a zauren da ya yi shekaru yana aikin kafinta, da niyyar mu rubuta tarihinsa. Biyu daga cikinmu marubuta ne, har da littattafai a kasuwa, saboda haka muka ɗauka abin ba zai ba mu wuya ba. Muka ɗauko takarda da biro, kowa ya shiga kawo abin da ya sani. Wallahi ba mu cika shafi biyu ba zance ya ƙare mana. Mutumin da ya haura shekara casa'in a duniya, ga shi 'ya'yansa tara sun kasa cika masa shafi biyu!

Ga ɗan abin da muka iya haɗawa. A Fagge aka haife shi, a Kano, inda ruwan da yaro ya sani bai wuce kududdufi da kogin Challawa ba. Ya koyi kafinta a Sabon Gari, daga nan ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko neman aiki. Ya tarar rundunar sojan ruwa, wadda aka kafa a 1956, tana neman masu sana'ar hannu, sai ya ba da sunansa, aka kai shi Apapa. An ce da labari ya iso gida kakarmu ta kwana tana kuka, tana cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne, me ya haɗa ɗan Kano da teku?

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, yana cikin ma'aikatan jirgin yaƙin nan NNS Nigeria, wanda aka ƙera a ƙasar Holan. Da shi aka je Bonni a watan Yuli na wannan shekara, lokacin da jiragen ruwa suka sauke sojan tarayya a tsibirin. Iyakar abin da muka sani ke nan game da yaƙinsa, shi ma daga bakin mahaifiyarmu muka ji. Sau ɗaya tak ya taɓa buɗe baki a kan maganar, ranar da autanmu, yana ɗan firamare, ya tambaye shi, "Baba, mutum nawa ka kashe?" Gabanmu ya faɗi. Baba ya ajiye zarto, ya dube shi, ya ce, "Ni guduma aka ba ni. Amma na ɗauki waɗanda aka kashe, namu da nasu, kuma nauyinsu ɗaya ne." Ya ɗauki zartonsa ya ci gaba da aiki. Babu wanda ya sake tambaya, domin a gidan Bahaushe ɗa ba ya titsiye ubansa da tambaya. Mun kira abin ladabi, yau kuwa mun gane har da sakaci a ciki.

Bayan an gama yaƙi a watan Janairu na 1970, ya dawo Kano ya buɗe wannan zaure. Ya bar teku, amma tarbiyyarta ba ta bar shi ba. Kafin kiran asuba ya tashi. Kowane kayan aiki yana da ƙusarsa a jikin bango, ko a duhu ya miƙa hannu zai ɗauko abin da yake so. In ya ɗaure kaya da igiya, babu mai iya kwancewa sai shi, shi kuwa ja ɗaya zai yi ta warware. A 1975, da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata, kowa na neman gado da kabad da kujeru, kafintoci da yawa suka shiga aiki da ɗanyen katako suna rufe shi da fenti. Baba ya ƙi. Yakan ce a teku in ƙusa ɗaya ta yi ha'inci, mutum ɗari ne za su biya da ransu. Waɗansu suka gina gidaje a wannan shekara, shi bai gina ba, kuma ba za mu ɓoye ba, a lokacin mun ji haushinsa. Amma da wannan zarto ya biya mana kuɗin makaranta mu tara, maza da mata, bai cire kowa ba.

Akwai aikin da bai taɓa karɓar ko kwabo a kansa ba, wato makarar masallacin unguwarmu. Da katakon maɗaci ya yi ta, kuma duk shekara in damina ta wuce sai ya je ya duba ta, ya ƙara ƙusa inda ta saki. Ko da ƙarfinsa ya ƙare sai ya sa jika ya riƙe masa hannu ya kai shi. A kanta muka ɗauke shi zuwa makwancinsa, ko ƙara ba ta yi ba.

To, 'yan'uwa marubuta, ga dalilin da ya sa muka kawo wannan zance cikin mujallarmu. Mun daɗe muna wahalar neman labari, wani ya aro daga fim ɗin Indiya, wani ya ƙago attajirin da bai taɓa gani ba, alhali labari yana zaune a zauren gidanmu da fensir a bayan kunne. Ba mu san yadda Baba ya ji ba ranar da ya fara ganin ruwan da ba shi da gaɓa. Ba mu san yadda yake gane alƙibla a tsakiyar teku ba, ko sunayen abokansa da ba su dawo ba. Duk ya tafi da su. Wanda Allah Ya bar masa tsoho a gida, to kada ya jira ranar bakwai. Ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi tambaya cikin ladabi, ya rubuta, ko ya naɗi muryarsa a waya. In ya ƙi magana yau, a koma gobe.

Shafukan nan biyu suna nan mun adana su a aljihun teburin da ya yi mana muna yara, wanda a kansa muka rubuta wannan. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.