Tsakanin Gaya da Gaya

Ranar da matashin malamin nan ya fara sauka a tashar motar Bagudo, jaka a kafaɗa, ƙurar hanya har cikin gira, wani dattijo mai sayar da goro ya tambaye shi daga ina aka fito. Ya amsa masa da cewa shi mutumin Gaya ne. Nan take fuskar dattijon ta washe, ya saki Hausa ya kama yi masa wani harshe da bai taɓa ji ba, ga alama yana tambayar mutanen gida ne ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya ga baƙon ya yi sororo sannan ya dakata ya ce, "Wace Gaya kaka nuhi, ɗana?" Ashe a wannan yanki idan an ce Gaya, ta Jamhuriyar Nijar ake nufi, wato garin Dandawa da ke bakin kogin Kwara, daura da Malanbil ta ƙasar Benin. Ita kuwa tasa Gayar, ta jihar Kano, tana can gabas, tafiyar wuni guda cur a mota, wani lokaci ma har da kwana a hanya. Tun daga ranar sunansa ya koma Malam Bakano, kuma har yau da shi aka san shi.

Ba da son ransa ya zo ba. Bautar ƙasa ce ta kawo shi a ƙarshen shekarar 2018, bayan ya kammala digirinsa na Hausa a Jami'ar Bayero. Ya yi makonni uku a sansanin Dakingari, daga nan aka tura shi Ƙaramar Hukumar Bagudo, aka kuma ce makarantar da zai koyar tana ƙetaren kogi, a ƙasar Illo. Da motarsu ta hau gadar Tuga ya dubi faɗin ruwan, sai ya ƙudurta a ransa cewa wata goma sha biyu ne dai, ko ana ha-maza-ha-mata za su wuce. Har kalanda ya manna a bangon ɗakinsa yana soke kwanaki da jan biro.

Ƙasar da ya tarar ba ta yi kama da abin da ya zata ba. Shi a tunaninsa ƙarshen Nijeriya aka kai shi, inda komai ya ƙare. Sai ya iske su mutanen wurin ba su ɗauki kansu a ƙarshen komai ba. Illo tsohon gari ne na ƙasar Bargu, zango ne kuma na fataken goro masu bin hanyar Gwanja tun kafin Turawa su zo. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a shekarar 1898 ne aka ja layin da ya bar Illo a hannun Ingilishi, ya jefa danginsu na yamma hannun Faransawa. Layin yana nan a taswira, amma bai hana auratayya ba, bai hana zuwa suna da ta'aziyya ba. Mutumin Lolo yakan yi sallar asuba a gida, ya je gonarsa ko kasuwarsa a ƙasar Benin, ya dawo kafin magariba. A aljihunsa akwai naira akwai sefa, kuma ya san cewa tamma biyar ta sefa ita ce dala, dubu kuwa jaka. Malam Bakano ya sha kunya kafin ya iya wannan lissafi, domin ran da mai albasa ta ce masa dala ɗari, shi ɗari ya ji, ashe ɗari biyar ake nema.

Amma inda ya fi shan mamaki shi ne cikin aji. Ya shiga da alfaharin cewa Hausarsa ita ce ta littafi, tun da daidaitacciyar Hausa a kan karin Kananci aka fi gina ta. A aikin farko da ya ba ɗalibai, da ƙyar aka sami layin da jan bironsa bai taɓa ba. Wannan ya rubuta "yat tahi", wancan ya rubuta "munka zo", wata ta rubuta "mi kaka so". Duk ya soke. Washegari wata yarinya ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Malam, hakanga kakata ka hwaɗi, ita ma kuskure taka yi?" Bai sami amsar da zai ba ta ba. Ya san dai daga karatunsa na jami'a cewa karin harshe ba kuskure ba ne, har ya ci jarrabawa a kan haka, amma sai a ranar ya gane abin da ya haddace. Daga baya kuma ya lura cewa kusan rabin ajin ma Hausa ba ita ce harshen da suka sha a nono ba. Akwai masu Dandanci, da masu Kyanganci, da masu Busanci, da 'ya'yan Fulanin wajen Ka'oje. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2004, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa, to amma a nan wane ne harshen uwa? Dole ta sa ya sake dabara. Ya raba allo biyu, gefe guda yadda ake faɗa a gida, gefe guda yadda ake rubutawa a jarrabawa, ya daina kiran na farkon kuskure. Kafin zango na biyu ya ƙare, yaran da ba su taɓa buɗe baki a aji ba suka fara kawo masa tatsuniyoyi da karin magana daga kakanninsu, shi kuma ya sayi littafi na musamman yana tarawa. Wajen wannan lokaci ne ya manta da soke kalanda.

Da wa'adin bautar ƙasa ya matso, shugaban makarantar ya kira shi ya ce shekara da shekaru ba su da malamin Hausa mai horo, kuma iyayen yara sun yarda su riƙa haɗa masa ɗan alawus kafin a nema masa aiki. A makon ne kuma kawunsa ya bugo waya daga Kano, ya ce ya buɗe sabon shago a Kantin Kwari, yana son na gida ya zauna masa a ciki. To, a nan fa ake yin ta. Malam Bakano ya ɗauko takarda ya ja layi a tsakiya, kamar yadda yake yi wa allo, ya rubuta "Zama" a dama, "Komawa" a hagu.

Gefen zama ya cika da sauri. Kuɗin hayar ɗaki guda a Kano ya ishi mutum gida sukutum a nan. Shinkafa a bakin ƙofa ake noma ta, kifi daga kwale-kwale ake sayen sa, ga nono ga albasa. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa ya ƙara daraja, har ma'aikaci ma yana neman fadama. Mai gidan da yake haya ya riga ya nuna masa wata 'yar gona ya ce, "Malam, in ka zamna, taka ta har ran da ka gaji." Sannan ga mutunci. A birni malamin makaranta ɗaya ne daga cikin dubu, a nan kuwa ba a ɗaura aure a unguwa ba a aiko masa da goro ba.

Sai dai takarda ba ta san gobe ba. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a watan Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Kasuwannin bakin iyaka suka yi sanyi, kuɗin mota da na babur suka tashi, kayan da ya rubuta a matsayin masu arha suka yi tsada. Iyayen da suka yi alkawarin alawus da yawansu da iyakar suke ci, don haka wani watan a ba shi, wani watan a ba shi haƙuri. Abin da ya fi ci masa rai shi ne manyan ɗalibansa maza da suka riƙa ɓacewa daga aji, domin dare guda na ratsa daji da jarkoki a kan babur ya fi abin da malaminsu ke samu a mako. Duk da haka ya ce zai gwada shekara guda. A cikin shekarar ne annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, shi kuwa ya duƙufa a gonar nan. Shinkafa ta yi kyau har makwabta na yi masa barka, sai ambaliyar da ta auka wa jihar a daminar shekarar ta zo ta shafe fadamun bakin kogi, tasa a ciki. Ko buhu guda bai ɗauka ba.

Abin mamaki, ba wannan asarar ce ta fi nauyi a gefen komawa ba. Manomi ya saba da ruwa ya ba shi, ruwa ya karɓe, kuma ya ga yadda mutanen garin suka tashi suka shiga noman rani ba tare da dogon kuka ba. Abin da ya hana shi barci abu biyu ne. Na farko mahaifiyarsa, wadda shekaru suka fara cim mata, ga shi kuma hanyar da ta fi sauƙi zuwa gida ta cikin jihar Zamfara ta bi, a shekarun da matafiyi ba ya shiga mota sai ya yi addu'a ta musamman saboda 'yan bindiga. Na biyu kuwa wani ɗan layi ne a jikin takardar neman aiki, inda aka ce a rubuta jihar asali.

Da ya kai takardunsa wani ofishi, jami'in da ya karɓa ya duba ya yaba, sannan ya ce masa a hankali, wanda ba ɗan jiha ba sai dai a ɗauke shi aikin kwantiragi, ana sabuntawa lokaci zuwa lokaci, ba maganar fansho. Wannan ba halin jiha guda ba ne, domin da ɗan Bagudo ne ya je Kano, da wuya ya ji wata amsa daban. Kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Amma kundin nan dai yana ɗauke da batun ɗan asalin jiha wajen rabon muƙamai, kuma daga wannan ƙofa ce takardar shaidar asali ta zama mabuɗin aiki da gurbin karatu da tallafin ɗalibai. Wani tsohon malami a makarantar, mutumin wajen Sakkwato, ya ba shi labarin yadda ya kwanta yana ɗan jiha ranar 26 ga Agusta, 1991, ya wayi gari aka sanar da ƙirƙiro Kebbi, ya zama baƙo a ajin da ya shekara goma yana koyarwa. Malam Bakano ya tuna cewa a ranar ce aka cire Jigawa daga Kano, dangin mahaifiyarsa na Dutse suka zama 'yan wata jiha ba tare da sun ɗaga ƙafa ba. Ya kuma lura cewa yaron da aka haifa a ƙetaren iyaka, in dai kakansa ɗan Illo ne, ya fi ɗan da shi zai haifa a tsakiyar garin saukin samun takardar. Wannan fa shi ne abin da ya kasa rubutawa a kowane gefe, domin ba nasa ba ne, na 'ya'yan da bai haifa ba ne tukuna.

Da Babbar Salla ta zo ya tafi gida da takardar a aljihu. Bayan an watse da dare ya zauna gaban mahaifiyarsa ya karanta mata gefe biyun. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "To, ni ban ji ka ambaci yaran ba."

"Waɗanne yara, Inna?"

"Waɗanda tun da ka zo ba ka da zance sai nasu. Kai ɗan nan, in ka koma shagon kawunka, wa ka bar musu?"

Ya yi shiru. Ta ce ita ba ta hana shi ba, ba ta kuma ce ya tafi ba, amma tana da sharaɗi uku. Matar da zai aura daga gida za a kai masa ita, filin da mahaifinsa ya bar masa a Gaya ba zai sayar ba, kuma duk Babbar Salla a gabanta zai yanka ragonsa muddin tana da rai. Kawun nasa bai ji daɗi ba, ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, suka yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ya karɓi aikin kwantiragin. Amarya ta sha kuka a watanninta na farko, ga sauro ga kewar gida, ga maƙwabta masu Hausar da sai ta kasa kunne sosai. Yanzu ita ke yi masa tafinta in masu kifi sun juya zuwa Dandanci. Kawun ya sauko, har yakan aiko masa da atamfofi ya sayar masa a kasuwannin yankin. Ɗaya daga cikin ɗalibansa na farko, yarinyar nan da ta yi masa tambaya a kan kakarta, ta shiga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu tana karanta Hausa, kuma littafin tatsuniyoyin nan ya zama uku.

An haifa masa 'ya mace a Illo. Ranar suna mai gidan hayarsa ne ya raba goro, ya kuma tsaya a matsayin kaka. Yarinyar ta fara magana, "munka" take cewa, uwar tana gyara mata, uban yana cewa a ƙyale ta. A zuwansa gida na Sallar da ta wuce, ya tsaya a sakatariyar ƙaramar hukumarsu ya tambayi abin da ake bukata don yi wa yaro takardar shaidar asali. Aka lissafa masa, ya rubuta a bayan tsohuwar takardar nan mai layi a tsakiya, ya ninke ya mayar aljihu, ya nufi tasha don ya sami motar farko ta Sakkwato.