GARIN DA TUMATIR BAI SAN ƘASA BA

Yau kam labarin tumatir na zo muku da shi. Kada ku yi dariya, duk wadda ta taɓa riƙe kuɗin cefane ta san tumatir ba abin wasa ba ne. Wa zai manta da shekarar 2016, da tsutsar nan da aka laƙaba wa "Ebolar tumatir" ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Jigawa, har miyar dage-dage ta koma ta masu hali?

Ziyara ce ta kai ni ƙasar Holan, wajen Yayata da ke aure a birnin Heg. Dab da birnin akwai wani yanki mai suna Wesland, wanda ake wa kirari da Birnin Gilashi. Tun daga mota na saki baki. Hagu da dama, iyakar ganinka, gidajen gilashi ne jere reras, sun rufe fili fiye da hekta 2,000, kuma kowane ɗaya gona ce.

Kafin a bar mu mu shiga wata daga ciki sai da muka wanke hannu da magani, aka sa mana farar riga da leda a takalmi kamar masu shiga ɗakin tiyata, don kada mu kai wa shuka cuta. Waje sanyi kamar ya tsinke kunne, ciki kuwa ɗumi mai daɗi. Na duba ƙasa, farar shimfiɗa tas, ko ƙura babu.

Na ce, "Yaya, to wai ina ƙasar?"

Ta yi dariya ta ce, "Ke dai ƙanwata, zuba ido."

Ashe kowane tumatir zaune yake a kan wani abu mai kama da katifar soso. Matar da ke zagayawa da mu ta ce dutse ne ake narkarwa da wuta, a saƙa shi ya yi laushi kamar auduga. Babu abinci ko ƙanƙani a cikinsa, aikinsa kawai ya riƙe saiwa da danshi. Abincin ta siririn tiyo yake zuwa ɗis-ɗis: ruwa ne da aka narkar da sinadaran taki a ciki, irin su naitorojin da fotashiyam da kalsiyam. Kwamfuta ce ke auna shi gwargwadon hasken rana. Ruwan ma yawanci na sama ne da suke tarowa daga rufin, wanda ya rage kuma a tace shi a sake mayarwa. Oh ni 'yasu! Na tuna yadda muke malale fadama da ruwa, rabi ya bi rana.

Shukar tana hawa igiya har ta fi tsawon mita 10 a shekara, ana sassauto ta ana kwantarwa don hannu ya kai. Bututun ƙarfe da ke ɗumama ɗakin su ne kuma hanyar da amalanken ma'aikata ke bi. Barbarar fure kuwa aikin wasu ƙudan zuma ne masu kauri da gashi, da ake saye cikin kwali. Maimakon yawan feshi, ƙwari masu cin ƙwari suke saki. Da wannan dabara, fili mai taku ɗaya tsawo taku ɗaya faɗi, wato murabba'in mita, kan ba da fiye da kilo 50 a shekara.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. A farkon shekarun 1990 Jamusawa sun yi ta yi wa tumatirin Holan ba'a, suna ce masa "bom ɗin ruwa" don rashin ɗanɗano, sai da manoman suka koma neman iri mai daɗi. Na ɗanɗana ƙananan, zaƙi zaƙwai, sai dai a miya har yanzu na Kadawa nake so. Sannan ga tsada. Ɗumi da fitilu da gas suke samuwa, kuma da kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo a 2022, manoma da dama kashe fitilunsu suka yi a lokacin sanyi.

Abin da ya tsaya min a rai ke nan. Ranar da suke kashe dukiya don su kwaikwaya, mu Allah Ya ba mu kyauta. Abin da suka fi mu shi ne sanin awo: me shuka ke so, nawa, kuma yaushe. Ba dole sai gilashi ba, ana yin irin wannan noma a ɗakin raga ko na leda, da ɓawon kwakwa ko buntun shinkafa a madadin ƙasa. Matar aure ma tana iya shuka latas a tsakar gidanta ba ta taka gona ba.

Don haka ƙannena, ku da kuke sulalewa in malamin kimiyya ya shigo aji, ku sake tunani. Waɗannan sunaye masu wuyar faɗa da kuke hadda don jarrabawa, su na gani suna ciyar da tumatir. Ku riƙe su da kyau, ko Allah Ya sa wata cikinku ta raba mu da tsadar kayan miya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.