Tsohon Inji da Kofin Mai

Tun kafin zuwan jirgin sama Hausawa ke isa Jidda. Da yawa sun bi ta Cadi da Sudan a ƙafa, suka tsallake Bahar Maliya daga Suwakin, bayan aikin hajji kuma suka zauna. Daga cikin jikokinsu akwai wani dattijo kafinta wanda ya ƙware wajen gyaran rawashin, wato tagogin katako masu ado na tsohon gari, Al-Balad. Tun da UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, aikin irinsa ya ƙara daraja.

Jarin dattijon shi ne wani tsohon injin goge katako ƙirar Wadkin, kamfanin da aka kafa a Lesta ta Ingila a 1897. A kan injin akwai ƙananan kofuna biyu na tagulla, kowanne da murfi da lagwani a ciki. Lagwanin ne ke tsotso mai, yana ɗiga shi kaɗan-kaɗan a inda sandar inji ke juyawa. In man ya yanke, ƙarfe zai ci ƙarfe, ya yi zafi, ya cije. A Jidda kuwa, inda iskar teku ke ɗauke da laima da gishiri, tsatsa ba ta jiran kowa.

Lokacin da aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Gulel da Karantina, dattijon ya kwashe shagonsa zuwa wani wuri. Garin ɗora injin a mota kofi ɗaya ya karye, ga kuma aikin tagogi shida da ya riga ya karɓi kuɗinsu.

Ɗan ƙaninsa, wanda ke koyon sana'a a hannunsa, ya zaga kantunan kayan gyara ya dawo da sabon kofi. Da aka murɗa shi sau biyu sai ya tsaya cik.

"Baffa, bari in matse shi da sufana," in ji yaron.

"Kul, ɗana! In ka cinye tiredin jikin inji, ina za mu sami wani jikin?"

Dalilin cijewar tsoho ne. A 1841 Joseph Whitworth ya tsara wa Ingila ma'aunin tiredi bisa inci, mai kusurwar digiri 55. Kayan da suka cika kasuwa a yau galibi na milimita ne, masu digiri 60. A ido kamar ɗaya suke, amma ba sa shiga juna.

Kwana uku suna tona tarin ƙarafa a kasuwar gwanjo ta Sawarik, a kudancin birnin. Neman irin wannan abu allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka, su kuwa ba su da rabo. Daga ƙarshe dattijon ya kai guntun da ya karye wurin wani mai injin sassaƙa ƙarfe. Mutumin ya ƙirga haƙoran tiredin a cikin inci guda, ya sassaƙa ɗan mahaɗi na tagulla: ƙasansa ma'aunin Ingila, samansa na milimita. Sabon kofi ya hau daram. Lagwani kuwa, da zaren ulu aka murza shi.

Wasu abokan sana'a sun ba shi shawara ya sayar da injin ga 'yan gwangwan ya sayi na zamani. Ya ƙi, domin nauyin tsohon ƙarfen ne ke hana shi rawa, shi ya sa katako ke fita sumul. Da tsohuwar zuma ake magani.

An kai tagogin a kan lokaci. Tun daga ranar, aikin farko da yaron ke yi kowace safiya shi ne buɗe murfin kofunan nan biyu ya duba mai, kafin ya taɓa makunni.